Keken da Aka Kawo Mini daga Ingila

Habu autana, in kana kusa da rediyo a barikin soja, kasa kunne, uwarka ce daga Dangora. Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. A yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Saniyata guda ɗaya tak na sayar don in samu keken ɗinki. Akawun wani kanti a Kano ya ce suna da wakili a Ingila mai sayo wa mutane kaya. Ya ce, "Inna, me za a rubuta masa?" Na ce keke. To, mace ta ce keke, wane keke kuma? Bai tambaye ni ba, ya juya da Turanci.

Wata biyar ina jira. Shekaranjiya aka kawo. Malam, keken hawa ne, har da ƙararrawa! Akawu ya ce abin da ya haye teku ba ya komawa.

Matan unguwa kuwa tuni sun tara mini yadin Sallarsu. Jama'a, ku ba ni shawara, ni dai ban ga mafita ba. Tsaya, ana buga ƙofa. Maƙwabciyata Ladi ce, wai ta zo gwada rigarta, ga keke jingine da rumbu, ni kuwa...