Gwajin Ranar Litinin

A ɗakin jira na wani asibiti, wani dattijo ya leƙa kwamfutar matashiyar da ke gefensa.

"'Yata, ke ma layi kike bi?"

"A'a, Baba, gyara aka kira ni. Manhajar da ke riƙe bayanan marasa lafiya ce take ta mutuwa."

"Kashe ki kunna mana. Haka nake yi wa rediyona."

"Abin da injiniyansu ya yi ya wuce haka. Manhajar a cikin wani akwati take aiki, kwantena muke ce masa. Jiya ya goge akwatin ya ɗora sabo, alhali bayanan suna ciki. Sau uku ina rubuta masa cewa a ajiye su a waje. Wai yarinya ba za ta koya masa aiki ba."

"To, sakamakon gwajin matata fa? Ƙashinta suka huda. Ta ce ba za ta iya sakewa ba."

"Yaushe aka yi?"

"Ranar Litinin."

Matashiyar ta duba kwamfutar.

"Kwafin bayanan da na ɓoye ba da saninsu ba, na ranar Lahadi ne, Baba, kafin a yi gwajin. Amma kada ka gaya mata tukuna. Ban gama tonowa ba."