Ranar da teku ta biyo motata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni direba ne daga Gummi. Bara na cire kujerun tsohuwar bas ɗina, na sa katifa da risho, ni da matata Hajo munka bi garuruwan masunta na bakin teku, muna kwana cikinta muna sarin busasshen kifi.

A wani gari gaba da Badagiri na aje motar bisa yashi, yadda muka saba yi a gulbinmu da rani. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta ce, "Malam, janye motarka, ruwa na zuwa." Na ce, "Haba Mama, ba hadari ba damina, ruwa daga ina?" Kafin la'asar ruwa ya shanye tayoyi! Ashe teku kullum cikowa take ta janye, ba ruwanta da damina. Masunta sunka ɗaura igiyar tarunsu sunka jawo mu, Hajo sai salati.

Mun dawo lafiya, amma wallahi zaman gida ya gagare ni, hankalina na bakin teku. Innata ta ce in na koma, ba da yawunta ba. Jama'a, ku ba ni shawara. Ni yanzu ko gulbinmu na duba haushi nika ji, ruwan da ba ya motsi sai damina ta zo.