Tsokar Alhaji Idirisa

A tashar motocin Tsibiri da ke Maraɗi, mota ta ƙi cika, Alhaji Idirisa sai duban rana yake.

Dattijon da ke gefensa ya ce, "Alhaji, wannan sauri fa?"

"Ɗiyata Atika ke jirana mu ci tuwo."

"Kai da ɗiya mace kwano ɗaya? Abokan zaure fa?"

"Malam, bara tsoron ƙiba ya hana ta cin abinci, har tashi ya gagare ta. Likita ya ce kada ta ci ita kaɗai. In na kai loma, ta kai."

"Allah sarki. Da sauƙi dai?"

Alhaji ya yi dariya, ya ɗaga ƙunshin nama. "Jiya ina waiwayawa ta ɗauke mini tsoka. Yau ma waiwayawa zan yi."