Abin da Na Ɓoye wa Likitan Sailuba

Shugaban wannan taro Malam Almu, iyayenmu maza da mata, likitoci da malaman asibiti, ɗalibai, 'yan uwa Musulmi da Kirista da kuka taso daga garuruwan Springfield da Manassas zuwa nan Laurel a wannan ƙasa ta Amurka, ina yi muku sallama irin ta gida. Na gode da kuka bai wa Rabi matar Ɗanliti dama ta tsaya gabanku. Ku yi haƙuri da karatuna, sai da na haura arba'in na san baƙi.

Magana ta farko, sunan ciwon 'yata Sailuba lupus. Na faɗe shi da ƙarfi domin na gaji da jin ana raɗa shi. Likita ya ce dakarun da Allah ya sa a jiki su kare shi, su ne suka juya suna yaƙar gidansu. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a gaisuwa. Ya ce ya fi kama mata, ya fi kama baƙar fata fiye da Turawa, ya fi yi mana tsanani, kuma yakan bi jinin dangi, ya tsallake wannan ya faɗa kan waccan.

Magana ta biyu, laifina ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bara, da gaɓoɓin Sailuba suka kumbura, gashinta ya fara zuba, aka miƙo mini takarda a asibiti. Ita ce takarda ta farko da na cike da hannuna a duniya. Aka tambaya ko wani a dangi ya taɓa irin wannan. Na rubuta babu, har ina jin daɗin kyan rubutuna. Alhali yayata Atine haka ta kumbura, haka fuskarta ta yi tabo, haka ta rasu a Zariya. Ran da aka binne ta Inna ta tara mu ta ce, "Sanyi ne. Wadda ta ƙara wata magana ta kori manema daga gidan nan." Shekara ashirin da biyu ina riƙe da wannan umarni.

Wata goma likitoci suna lalube, ba su gano ciwon ba. Sai da Irene, malamar asibiti 'yar Jos, ta ritsa ni a baranda ta ce, "Maman Sailuba, tsakaninki da Allah, ba kowa?" Na ce, "To, akwai wata, amma ba a faɗa." Ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Mama! Likita ne fa, ba surukinki ba. Aurenta ya zo nema?" Na yi dariya, na yi kuka, sannan na faɗa wa likita gaskiya. Kafin nan ciwon ya riga ya taɓa ƙoda.

Magana ta uku roƙo ce. Ku rubuta gida, ku tambayi tsofaffi me ya kashe wance, kada ku yarda da "ajali ne" kawai. Ajali gaskiya ne, amma likita yana son sauran bayanin.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi mini nauyi. A gida mara lafiya ba ya rasa 'yan dubiya, har tabarma ta kasa. A nan, tun azumi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Nakan dafa shayi na mutum shida, in sha ni kaɗai. Ban ce kun ƙi mu ba, na san aiki, na san tsoro. Amma ranar Talata da ƙarfe tara likitoci za su faɗa mana ko ƙodarta za ta tashi, ko sai an fara wanke mata jini da na'ura. Maigidana Ɗanliti ba a ba shi hutu a wurin aiki ba. Turancina ba ya kai ni nesa idan gabana yana faɗuwa. Mutum ɗaya nake nema ya zauna kusa da ni, ya ji abin da za a ce, ya maimaita mini da Hausa a hankali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya jiƙan Atine, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ina nan bakin ƙofa bayan an tashi.

Na gode.