Kunya za ta raba ƙanena da jami'a

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Roni.

Ƙanena Buba ne ya fara shiga jami'a a rugarmu. Ana tsakiyar jarrabawa mahaifinmu ya rasu. Ya taho gida, dattawa suka hana shi komawa sai bayan sadakar bakwai. Darussan da bai rubuta ba aka ce ya faɗi. Yanzu an gargaɗe shi, in ya ƙara faɗuwa kora ce.

Akwai malamin da ke sauraron uzurin ɗalibai, amma Buba ya ƙi zuwa. Wai, "Adda, kai kuka gaban babba abin kunya ne."

Jama'a, ku ba ni shawara. Buba, na san kana saurare. Babbar kunya ita ce ka dawo ruga da akwati a ka!