Bakina Ya Sa Za A Sare Bedin Isufu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Laminu mai gyaran moto daga Kara-Kara. Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Wani injiniya ya zo unguwarmu, asalinsa ɗan Sin, haihuwar Amurka. Yana da kamfaninsa can, kuma shi ke shugabancin ƙungiyar taimakon jama'a da za ta haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, kyauta. Ya tarar da mu muna shan shayi, ya sa tafinta ya tambaye mu inda aka fi son rijiyar. Sai na nuna itacen bedin nan, wato dogon-yaro, da taubashina Isufu ke gasa tsire a gindinsa, na ce, "Nan dattawa suka zaɓa."

Isufu ya ce, "Kai bawana, ko a azumi ba ka hutawa da ƙarya!" Kowa ya yi dariya, amma tafinta maganata kaɗai ya fassara.

Baƙon bai san wasan taubasai ba. Ya dawo da na'ura ya auna, wai ruwa na nan sosai! Ya shafa wa itacen jan fenti, ya riƙe hannuna yana godiya. Ranar Alhamis za a sare shi.

Jiya Isufu bai kira ni bawa ba. "Ina kwana, Malam Laminu," ya ce, ya juya baya.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron baƙon ya ɗauke foraj ɗin ya kai shi garin Mirriya. In na yi shiru, Isufu ya rasa wurin neman abincinsa. Jama'a, wa zan fara tunkara, mai unguwa ko injiniya?

Ina gaida abokan shayinmu, da Isufu in bai kashe rediyon ba.