An Yi Ruwan Shuka, Ɗana Ya Ƙi Fita Gona

Salama gare ka, mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Saratu daga wani ƙauye kusa da Badagishiri. Da hannuna na rubuto, ko da yake sai da na yi jikoki na koyi karatu a majami'a.

Raina a ɓace yake. Da rani wani baƙon mai wa'azi ya zo ya ce Almasihu zai dawo kafin a yanke hatsin bana. Ɗana Iliya, mai 'ya'ya huɗu, ya gaskata shi, ya buɗe rumbu ya rabar da dammunan da muka ware don iri. Na ce, "Iliya, me za mu shuka?" Ya ce, "Inna, wa zai ci?"

Ranar kasuwar Illela sai ga mai wa'azin yana ɗora buhun taki a amalanke. Na ce, "Malam, a sama gonarka take?" Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Na gaskata Ubangiji zai dawo, ina jiransa. Amma na karanta da idona cewa ba wanda ya san ranar, kuma bawan kirki a bakin aikinsa ake iske shi.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Maƙwabcinmu Malam Hamidu ya ba ni tiya biyu ta iri, amma Iliya ya ƙi ɗaukar sungumi. Fastoci da dattawa, me zan gaya masa? Danshin ƙasa ba zai wuce kwana uku ba, ni kuwa bayana ba ya iya sara.